Shawarwarin ƴan Damagaram kan ƙara wa Mercurial sauri

Ga abin da na tsinta daga hirar masu rubuta manhaja a Damagaram kan Mercurial, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki tun 2005. Da harshen rubuta manhaja na Python aka gina ta, amma wuraren da ke cin lokaci, kamar bdiff mai gano bambancin fayil biyu, da harshen C, wanda ya fi sauri, aka rubuta su.

Shawarar da ta fi kama hankalina: kada ka taɓa C sai ka auna. Sa --profile a umarnin da kake ba Mercurial, ka ga inda lokacin ke tafiya. Sau da yawa tashin Python ne ke jan ƙafa, kuma chg, wani ɗan shiri da ke barin Python a kunne tsakanin umarni da umarni, na maganin wannan. A tsofaffin kwamfutocinmu bambancin a bayyane yake.

In ka sake rubuta wani sashe da C, bar na Python ɗin yadda yake, ka gwada su biyun da HGMODULEPOLICY, saitin da ke zaɓar wanda Mercurial za ta yi aiki da shi, har amsarsu ta zo ɗaya. An ja kunne sosai kan ƙirgen Py_INCREF da Py_DECREF, umarnan C masu ƙara ko rage adadin wuraren da ke riƙe da abu a ma'adanar kwamfuta, don kuskure ɗaya na iya kashe shirin ko ya cinye ma'adana. Shi ya sa wasu suka ce sabon aiki a yi shi da harshen Rust, wanda Mercurial ta riga ta karɓa. Ni ma can na karkata.