Wannan yaron Leon Bridges, gado ya yi ko kwaikwayo?

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muna dawowa daga shago, ɗan ƙanena ya saka wata waƙar Turanci a mota. Ina jin muryar sai na tuna marigayi mahaifinmu, don sak irin waɗanda yake saurara ne a kaset muna yara, su Sam Cooke da Otis Redding. Na ce masa, kai a ina ka tono wannan tsohon? Yaro ya kwashe da dariya, wai mawaƙin ko shekaruna bai kai ba, sunansa Leon Bridges. Ya nuna mini hotonsa: wando har cibiya, riga a soke, kamar an ciro shi daga hoton 1962. To masu sani, daga ina ya ɓullo? Kuma abin da ya tsaya mini a rai, basira ce wannan ko dai muryar mamata kawai ya iya ɗauka?

Ɗiyar Damagaram:
Wa alaikumus salam Baba. Ai ka taɓo mutumina. A 1989 aka haife shi a Atlanta, amma a Fort Worth ta jihar Teksas ya girma. Sunansa na yanka Todd. Abin da zai ba ka mamaki, ba da tsofaffin nan ya taso ba. R&B na zamaninsa yake ji, irin su Usher da Ginuwine, kuma da ya shiga kwaleji rawa ya fi mayar da hankali a kai. A can ne ya fara taɓa jita.

Wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci, in ya samu sarari ya ɗauki jitarsa ya tafi wuraren da ake ba kowa makirufo ya gwada sa'arsa. Waƙoƙinsa na farko ma na ibada ne, don gidansu 'yan coci ne sosai. Sai ya tsara wata a kan mahaifiyarsa, ya raɗa mata sunanta, Lisa Sawyer, yana ba da labarin haihuwarta a New Orleans. Da aka fara ce masa ya yi kama da Sam Cooke ne ya koma ya zauna ya saurari mutumin da kyau. Bayan nan ya haɗu da Austin Jenkins da Josh Block na ƙungiyar White Denim, suka ɗauki muryarsa. Kamfanin faifai na Columbia ya ɗauke shi a ƙarshen 2014, faifansa na farko, Coming Home, ya fito a watan Yunin 2015, ya kai na 6 a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka. A 2016 har Fadar White House ya je ya rera a gaban Obama, a bikin karrama Ray Charles. Daga kwanukan wanke-wanke fa, cikin shekara biyu.

Mai Gyaran Rediyo:
Hajiya kin faɗi gaskiya amma kin tsallake abu guda. Da tsofaffin na'urori suka ɗauki faifan nan, da gangan, makaɗa na kiɗa tare a ɗaki ɗaya kamar yadda ake yi a da. Ni da nake buɗe cikin tsofaffin amfilifaya kullum na san ɗumin sautin nan, rabinsa aikin na'ura ne. Ƙara da tufafin da hotunan baƙi da fari, ka ga an naɗe kaya an kai kasuwa. Muryarsa tana da daɗi, ban musa ba. Amma ni in ina son Sam Cooke, Sam Cooke zan saka.

Tsohon Malamin Firamare:
Mai Rediyo, sannu da ƙoƙari, amma bari in ja ka kaɗan. Shi Sam Cooke ɗin daga sama ya faɗo? Lokacin da ya shiga ƙungiyar waƙoƙin coci ta Soul Stirrers yana matashi, gurbin R. H. Harris ya gada, kuma salon Harris ya fara bi kafin ya samu nasa. Sai a 1957 ya tsallaka waƙoƙin soyayya, 'yan coci da yawa suka yi fushi da shi. Aretha Franklin a cocin mahaifinta a Detroit ta koyi buɗe murya. Ray Charles kuwa karin waƙar ibada ya ɗauko ya ɗora masa kalaman duniya, aka yi ta tsine masa. Abin da ake kira soul ke nan tun asali, coci ce ta fito titi. Ko a nan gida, wane makaɗi ne bai fara da amshi a bayan wani ba?

Inda zan yarda da kai shi ne, da yaron ya tsaya a faifan farko da na ce ɗan amshi ne mai sa'a. Bai tsaya ba. A faifansa na biyu, Good Thing na 2018, ya ajiye rigar kakanni ya shigo da kiɗan zamani, wasu masoyansa na farko har suka yi ƙorafi, kuma daga cikinsa ne ya ci Grammy ɗinsa ta farko a 2019, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka. A 2020 ya yi aiki da ƙungiyar makaɗa ta Khruangbin, 'yan Teksas kamarsa, wannan kam ba za ka ce ya yi kama da kowa ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Malam, Grammy ɗin nan fa a rukunin R&B na gargajiya aka ba shi. Ko su alƙalan sun san inda suka ajiye shi.

Baban Ummi:
Kai, kun sa na yi dare. Malam na gode, Hajiya na gode. Na sa yaron ya tura mini faifan 2018 ɗin a waya, na ji waƙa uku, gaskiya na farkon ya fi kwanta mini. Wataƙila tsohona nake nema a ciki ba Leon ba. Mai Rediyo, akwai wata tsohuwar rakodar mahaifinmu a ɗakin Inna, bel ɗin ya tsinke tun tuni. Kana da irinsa, ko sai an aika Sabon Gari?