Ƙarfen sitabilaiza zai hana adaidaita sahu kifewa a kwana?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na sa wa kekena ƙarfen sitabilaiza a baya, irin wanda ke ƙarƙashin mota yana haɗa taya biyu. A Ƙofar Ruwa na samo shi, na wata ƙaramar mota ne da aka kwance. Bakanikena ya ɗaure tsakiyarsa a shasi da bushin biyu, ya haɗa baki ɗaya da hannun tayar hagu, ɗayan da na dama. Wallahi keken ya zama wani abu daban. Da can in na shiga shatale-tale da mutum uku a baya, sai gidan keken ya kwanta gefe, mata suna salati suna kama ƙarfe. Yanzu a tsaye yake shiga, a tsaye yake fita. Ni dai abin da na gani ke nan: da kowane adaidaita a Kano zai sa wannan ƙarfen, da an daina ganin keke a kife a bakin titi.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Yaya, nawa ya ci maka duka da kuɗin aiki? Ni nawa ma yana kwanciya sosai.

Oga Bakanike: Dakata tukuna kafin ka tambayi kuɗi. Baban Ummi, an yanke ƙarfen ne aka yi masa walda, ko yadda ya zo aka ɗaura shi?

Baban Ummi: Yadda ya zo, Oga. Ko wuta bai gani ba.

Oga Bakanike: To ka ci sa'a. Dalilin tambayata, makon jiya aka kawo mini wani keke, an lanƙwasa rodin gini an maƙala masa a baya, wai sitabilaiza. Rodi ba ƙarfen sifirin ba ne. Na ainihi in ya murɗu yana komawa yadda yake, rodi kuwa in ya murɗu ya zauna ke nan, sai ka ga keke na tafiya a karkace kamar an ɗora masa buhu a gefe ɗaya. Ko na ainihin ne, in mai walda ya gasa shi ya yi ja, ya kashe shi. Sannan yawancin masu kukan keke na kwanciya, in na duba, shokozoba ce ta mutu tana tsiyayar mai, ko bushin hannun taya ya cinye, ko kuma tayar hagu da ta dama iskarsu ba ɗaya ba. Ɗan Zariya, fara kai naka a duba waɗannan.

Malam Injiniya: Baban Ummi, abin da ka ji a jikinka gaskiya ne, ban musa ba. Keken ya rage kwanciya. Inda na rabu da kai shi ne cewa zai hana kifewa, domin kwanciya daban, kifewa daban.

Ku tuna murhu. Tukunya na zaune daram a kan duwatsu uku muddin nauyinta na faɗawa tsakaninsu. Keke ma haka yake: taya ɗaya gaba, biyu baya. Ja layi daga tayar gaba zuwa tayar baya ta waje, wato wadda ke nesa da inda kake karya kwana. A kan wannan layin keke ke juyawa ya faɗi. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsayin nauyin daga ƙasa, da nisansa daga wannan layin, da gudun da ka shiga kwanar da shi. Ƙarfen da ka sa bai sauko da rufin keke ba, bai ƙara faɗin tsakanin tayun baya ba, bai kuma rage maka gudu ba.

A mota akwai taya biyu gaba, biyu baya, don haka injiniyoyi na amfani da kaurin sitabilaiza su raba wa gaba da baya aikin riƙe motar a kwana. Keke ba shi da wanda zai raba da shi. Tayar gaba ita kaɗai ce, ba ta iya hana shi karkata. Duk nauyin da zai bar tayar ciki ya koma ta waje dole ya koma, ko ta cikin sifirin ya bi, ko ta cikin ƙarfenka.

Baban Ummi: Malam, gani ya kori ji. Ni nake kan keken daga asuba zuwa dare. In gidan bai kwanta ba, ai nauyin bai tafi gefe ba.

Malam Injiniya: Nan kana da ɗan gaskiya, kuma ba zan hana ka ita ba. In gidan ya kwanta, nauyi na ɗan matsawa kusa da layin faɗuwa, to ƙarfen ya rage wannan. Amma ɗan kaɗan ne in ka gwada shi da abin da gudu ke yi. Ƙarfin da ke jefa ka waje a kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi. Kwanar da ka shiga da gudun kilomita 20 a awa, in ka shige ta da 40, ƙarfin ya zama huɗu, ba biyu ba. Babu ƙarfen da zai biya wannan bashin.

Dattijon Tasha: Ku bari in sa baki, don ni na taɓa kifewa, ba labari aka ba ni ba. Na ɗauko wata baiwar Allah daga 'Yankaba da kwandunan tumatir, biyu a ciki, ɗaya mun ɗaure a rufi, ga ɗanta saurayi zaune kusa da ni a gaba ta hannun dama. Ina karya kwana zuwa hagu sai ga yaro ya fito da gudu bayan ƙwallo. Na taka burki iya ƙarfina. Abin da nake tunawa har yau, na ji tayar baya ta hagu ta yi sakayau, injin ya yi ƙara shi kaɗai, sai kawai na ga kwalta a gefen fuskata. Allah ya tsare yaron, amma matar ta karye a hannu, tumatir kuwa har cikin kwata. Ba gudu nake ba, 'ya'yana. Burki a cikin kwana ne, da kaya a sama, da mutum a gaba.

Abin da nake tsoro da ƙarfen nan shi ne wannan: kwanciyar da keke ke yi ita ce ke gaya wa direba ya sassauta. Jiki magayi. In ka ɗaure shi ya daina kwanciya, yaro ɗan shekara 19 da ake jiran balas a hannunsa da yamma zai ji kamar yana kan mota, ya ƙara wuta, kuma ba zai san ya kai maƙura ba sai taya ta ɗaga.

Malam Injiniya: Allah ya ƙara kiyayewa, Baba. Labarinka ya ƙunshi karatun duka. Burki na tura nauyi gaba, kuma gaban keke nan ne inda duwatsun murhun suka tsuke zuwa ɗaya. Fasinjan da ke zama gefen direba yana zaune ne a inda keken ya fi ƙarancin madogara. Sauke shi kaɗai ya fi sitabilaiza amfani.

Ɗan Zariya: Amma Malam, ai Turawa na yi. Na ga masu wani babur mai taya uku, Can-Am Spyder, suna cire ƙarfen kamfani su sa mai kauri, kowa na yabawa.

Malam Injiniya: Suna yi, ƙanina, amma dubi babur ɗin da kyau. Kamfanin BRP na Kanada ne ya fito da shi a 2007, kuma tayunsa biyu a gaba suke, ɗaya a baya. In ya taka burki a kwana nauyi na tafiya inda yake da faɗi, akasin namu. Ƙasa-ƙasa yake, ba rufi, ba kwandon tumatir. Da ƙarfen aka ƙera shi tun daga kamfani, mazauninsa na nan a jikin shasi, kuma yana da kwamfuta da ke rage wuta ta kama burki da kanta in ta ji abin zai ƙwace. Masu canza ƙarfen daɗin tuƙi suke nema.

In misali mai kama da namu kake so, ka dubi baburan daji masu taya ɗaya gaba biyu baya da Honda da wasu suka riƙa sayarwa a Amurka. Tayunsu na baya a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, ba abin da ya fi wannan ɗaurewa. Duk da haka sun riƙa kifewa da mutane har aka tsayar da sayar da sababbinsu a can a 1988.

Kuma ku yi hattara da kauri. Taurin ƙarfen ba da sannu yake ƙaruwa ba: daga milimita 16 zuwa 19 kusan ninki biyu ne. Wanda aka yi wa motar da ta fi keke nauyi nesa ba kusa ba, ya yi wa keke yawa.

Hajiya Mai Keke Uku: Ni ban san lissafinku ba, amma ni ce mai biyan kuɗin gyara. Ɗaya daga cikin yarana ya roƙe ni in sa masa. Oga Bakanike, don Allah gaya mini gaskiya, huda shasin nan ba ya jawo tsagewa?

Oga Bakanike: Hajiya, yana iya jawowa. Shasin keke falle ne mara kauri, ba a yi masa wurin ɗaukar wannan murɗar ba. In ba a ƙara faranti a wurin ba, a hankali sai ramin kusar ya faɗaɗa, daga nan tsaga. Ga kuma hanyoyinmu. Kekuna irin su Bajaj RE da TVS King kowace tayar baya da hannunta da sifirin ɗinta, shi ya sa in ɗaya ta faɗa rami ɗayar na nan a ƙasa. Taya ce 'yar ƙarama, mai lamba 4.00-8, kowane rami tana jin sa. In ka ɗaure su tare, ramin da hagu ta faɗa sai dama ma ta ji, fasinja ya ji a ƙugunsa.

Baban Ummi: Wannan kam gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A cikin unguwa inda ba kwalta keken ya fi girgiza yanzu, har wata tsohuwa ta ce in bi a hankali saboda bayanta. Amma a kan titi ni dai na fi samun natsuwa, kuma ba na ƙara gudu saboda shi. Shekarata 11 a wannan sana'a, tun bayan da aka hana acaɓa.

Dattijon Tasha: Kai ba ka ƙarawa, na yarda, na san tuƙinka. Amma cewa ka yi kowane adaidaita a Kano ya sa. Wannan kalmar nake so ka janye, don yara na karantawa.

Baban Ummi: Na janye "kowane", Baba. Amma nawa ba zan cire ba tukuna. Oga, in na shigo gobe bayan la'asar za ka duba mini wurin da aka huda? In da alamar tsaga sai a sa farantin.

Oga Bakanike: Ka zo. Ka wanke ƙasan keken kafin ka taho, tsaga ba ta ganuwa cikin laka.

Hajiya Mai Keke Uku: Ni nawa ukun shokozoba zan fara canzawa, kuma daga yau duk wanda na kama da fasinja a gaba zai ajiye mini makulli. Oga, ka sa min rana.