Fitar da 'yan firamare aikin gayya: karatu ne ko wahalar da yara?

Malam Hedimasta: Assalamu alaikum iyaye. Daga zango mai zuwa muna so 'yan aji huɗu zuwa shida su riƙa fita aikin unguwa duk ranar Alhamis, awa ɗaya bayan tara: shara, yashe kwatar bakin makaranta, da dashen itace. Matsayina shi ne wannan karatu ne, darajarsa ɗaya da na cikin aji. Mai magana ya yi.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam Malam. Ban yarda ba. Ka san abin da ke cikin kwatar nan? Fasassun kwalabe, tsatsar gwangwani, alluran da masu kemis ke zubarwa, har da ruwan banɗaki. A 2021 amai da gudawa ya kashe sama da mutum dubu uku a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ɗan shekara tara za a sa a ciki?

Baba Alhaji: Haba 'yata. Da gayya muka tashi. Noma gayya, yaɓen ɗaki gayya, gyaran maƙabarta kafin damina gayya. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, haka ya zo a hadisi. Yaron da bai saba ɗaukar tsintsiya don jama'a yana ƙarami ba, yaushe zai saba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Khalifa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a gayyarku wa ke riƙe da garma? Magidanta da samari. Yara ruwa da fura suke kaiwa gona, suna kallon iyayensu suna aiki. Yau kuma manya na zaune a inuwar shago, a turo musu yara su yashe ƙazantar da su suka zuba.

Anti Nas: A kan kwata ina bayan Yaya Maman Khalifa. Ƙusa ɗaya mai datti ta isa ta jawo tsinkau-tsinkau, kuma ba kowane yaro ne ya kammala rigakafi ba. Yawancinsu silifa suke sawa. A cire kwata kwata-kwata. Sharar ma sai da safar hannu, da bokitin ruwa da sabulu kafin su taɓa abinci.

Baban Ummi: Ni damuwata daban ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alƙawarin karatun shekara tara kyauta. Dukanmu mun san akwai 'yan aji huɗu da har yanzu ba sa iya karanta layi biyu na Hausa. Daga ina za a yanko awar nan? Daga lissafi ko daga karatu? Kwashe shara aikin hukuma ne, kuma ga Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga don tsaftar muhalli. Mu manya mu fito ranar.

Kawu na Maraɗi: Salamu alaikum. Ko da yake ni ɗan'uwa ne ba uba ba, bari in sa baki. A Nijar tun 1975 ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce, har shugaban ƙasa yakan dasa nasa. A zamanin mulkin Shugaba Kunce kuma ƙungiyoyin matasa na Samariya sun gina azuzuwa da hannunsu. Amma abin da ya fi raya ƙasa a wajenmu shi ne manoma da suka daina sare tohon gawo da sabara a gonakinsu tun shekarun 1980, suka riƙa rainonsa. Dashe kowa na iya yi a rana ɗaya. Raino ne aikin, kuma yaro na iya koyonsa fiye da babba, don shi ba ya ganin ban-ruwa a matsayin ƙasƙanci.

Malamar aji biyar: Kawu ka taɓo inda nake so. Baban Ummi, ba sai awar ta fita daga lissafi ba. A ba yara uku-uku itace ɗaya. Duk mako su auna tsawonsa da tef, su rubuta a littafi, su cire na makon jiya su ga santimita nawa ya ƙaru. Ga debewa nan. Su je gida su tambayi kakanninsu wane itace ne a unguwar nan da, ina kuka ta tafi, ina tsamiya, su rubuta amsar da Hausa su karanta wa aji. Na ga yaron da ba ya buɗe baki a aji ya miƙe yana bayani saboda labarin kakarsa ne. In babu littafi da tambaya a aikin, to na yarda da kai, leburanci ne kawai.

Sai dai akwai abu biyu da ke damuna, Malam Hedimasta. Na farko, a makarantunmu tsintar leda horo ne ga wanda ya makara. Yaro ya riga ya haɗa shara da laifi. Ba za mu yi horo da tsintsiya ranar Litinin ba, sannan ranar Alhamis mu ce masa lada ce. Na biyu, mata ke share aji kullum, maza suna ƙwallo. In za a fita, a raba daidai.

Maman Khalifa: Malama, Allah ya saka da alheri. Akwai na uku. A makarantar da yarana suka baro, da sunan taimako aka fara, aka ƙare suna ɗebo ruwa da wanke-wanke a gidan wata malama. Ina so a rubuta a takarda: babu gidan kowa, babu gonar kowa.

Baba Alhaji: Wannan kam gaskiya ce, zalunci ne. Amma ni har yanzu ina ganin kuna tausasa su da yawa. Ɗan aji shida ba jariri ba ne.

Anti Nas: Baba, ƙwayar cuta ba ta tambayar aji.

Baban Ummi: Dabarar Malama ta yi, amma aji mai yara tamanin da malami ɗaya, wa zai tsare su a bakin titi ga 'yan adaidaita? Kuma in aka dasa a Yuli, hutun ƙarshen shekara ya zo, wa zai hana awaki?

Kawu na Maraɗi: A dasa da ruwan farko ya zauna, a kewaye da ƙaya ko tsohon bulo. Darbejiya ba ta da wuyar raino. Zogale kuma sai cikin katanga, awaki ba sa barinsa.

Malam Hedimasta: Na ji. Kwata ta fita, horo da shara zan hana daga gobe. Zancen gidan malamai za a rubuta, ni zan fara sa hannu. Amma maganar Baban Ummi ba ni da amsarta ni kaɗai: ina buƙatar iyaye huɗu duk Alhamis su tsaya tare da yaran, su ma su riƙe shebur. Zan kai wa SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ranar Asabar.

Maman Khalifa: Ka sa sunana a Alhamis ta farko, in gani da idona.

Baban Ummi: Ni ma zan zo. Amma a gwada zango ɗaya tak, sannan a kawo mana littattafan yaran da sakamakon jarrabawarsu mu duba. In karatu ya ja baya, zan nemi a soke.