Ɗan majalisa da kamfanin Umra: doka ta yarda kuwa?

Abban Hanif, Jidda:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin doka ku warware mana. Akwai wani ɗan majalisar wakilai na wajenmu, ba zan kama suna ba, ya shigo da masu Umra ta kamfaninsa, shi da kansa ke cinikin ɗakunan otal a unguwar Misfala ta Makka har da rangwamen bas zuwa Madina, kuma wlh lokacin majalisa na zama a Abuja. Wai hakan ya halatta ko kawai ba mai tambaya ne?

Malam Sabo, Makka:
Wa alaikassalam. Kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a, in ban da noma. Shi ya sa za ka ga duk babban mutum yana da gona, ko da bai san inda fartanya take ba. Ɗan majalisa ma bai da ikon riƙe asusun banki a wajen Najeriya, to ka tambayi kanka riyal ɗin otal ɗin daga ina take fita. Kuma dole ya bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata. Amma hukunci fa sai a hankali, Bukola Saraki, shugaban majalisar dattawa na lokacin, an gurfanar da shi 2015 kan batun bayyana kadarori, kotun ƙoli ta wanke shi 2018.

Hajiya Binta, Madina:
Ni fa Malam ban ga laifin mutum ya riƙe abin da ya gina kafin ya shiga siyasa ba, kujera shekara 4 ce, in ya faɗi zaɓe wa zai ciyar da iyalinsa? Gara mai sana'a da wanda bai da komai sai kujerar, shi ne zai wawure kuɗin mazaɓa.

Malam Sabo:
Hajiya ba a ce ya sayar ba, ya miƙa wa manaja ya janye hannu. Matsalar ita ce ranar da za a kawo maganar kuɗin kujerar Hajji ko lasisin kamfanoni gaban majalisa, zai yi magana ne a matsayin wakilinmu ko mai kamfani? A Ingila irin wannan ce ta ci ɗan majalisa Owen Paterson 2021, kamfanoni na biyansa yana yi musu kamun ƙafa wajen gwamnati, dole ya ajiye kujera.

Ɗan Kurmi:
Hhhh manajan ai ƙaninsa ne ko matarsa, duk kanwar ja ce. Kuma kar a ce talauci, Shehu Sani da bakinsa ya faɗa 2018 cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata kuɗin hidimar ofis. Kwana 181 kacal doka ta ce su zauna a shekara, shi ma sai an roƙe su.

Abban Hanif:
Na gode Malam. To in mutum zai kai ƙara hukumar, daga nan Jidda zai iya turawa ko sai ya je gida? Kuma za su ɓoye sunansa? Don ƙanwata ta kamfanin nasa ta biya Umrar azumi.