Faifan RAM ya ƙi karɓar fayil: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai shagon buga takardu, Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar shagona Ubuntu ce, RAM giga 8, faifanta kuwa ya tsufa, sai jan ƙafa. Na yanki wani ɓangare na RAM na mai da shi faifai don aikin hotuna ya riƙa sauri, da umarnin `sudo mount -t ramfs ramfs /mnt/ram`. Ya hau lafiya lau. Amma ko hoto guda na ce zan kwafa ciki, sai ta ce « Permission non accordée », wato ba ni da izini. Tun kafin in ɗora shi na yi wa foldar chown (umarnin sauya mai folda) da sunana. Ina matsalar take?

Ɗalibi, Ngaundare:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma ta same ni a ɗakin kwamfuta na makaranta. Chown ɗin da aka yi kafin ɗorawa ba ya aiki, domin sabon faifan yana rufe tsohuwar foldar ne, ya zo da nasa mai shi. Ramfs yana hawa a hannun root, wato babban mai iko a kwamfutar, da izini 755, kowa na iya leƙawa, root kaɗai ke rubutu. Sake chown ɗin bayan ya hau.

Mai gyaran kwamfuta, Marwa:
Gaskiyar ɗalibi, amma Alhaji don Allah ka bar ramfs gaba ɗaya. Ba shi da iyaka, ko ka rubuta masa size ba ya ji. A gabana wani yaro ya zuba masa bidiyon biki, linzami ya daskare, allo ya tsaya cik, sai da muka danne maɓallin kashewa. Tmpfs, wani nau'in faifan RAM, shi ne daidai: yana tsayawa inda ka ce, in ba ka faɗa ba ya tsaya a rabin RAM, kuma yana iya sauke kaya a swap, wato ɓangaren faifai da ke taimaka wa RAM, in wuri ya ƙure. Ga layin da nake sa wa mutane a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa kwamfuta abin da za ta ɗora in an kunna ta:
`tmpfs /mnt/ram tmpfs size=2G,uid=1000,gid=1000,mode=0700 0 0`
1000 ɗin lambar mai amfani na farko ce a Ubuntu. Buga `id` ka ga taka.

Malama, Kusiri:
Tawa daban ce. Tmpfs ne, kwafa ta yi, amma `cp -a` ba ta riƙe sunan mai fayilolin ba. Fayilolin na wani ne, ita kuwa -a tana so ta riƙe sunan mai su, abin da root kaɗai ke da ikonsa.  In kuma aka kwafa da `sudo cp -r`, fayilolin na root za su zama, gobe a zo gyarawa su ƙi.

Ma'aikacin ofis, Njamaina:
Mu nan Windows ne da ImDisk, manhajar yin faifan RAM. Fayil mai giga 5 ya ƙi shiga alhali wuri na nan birjik. Ashe FAT32 aka tsara faifan da shi, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. NTFS ya warware. Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Yadda ake ɗauke ta a lokacin zafi, duk abin da ke faifan RAM tafiya yake nan take, babu manhajar da za ta dawo da shi. Wata abokiyar aikinmu ta rasa aikin yini guda haka, har da hawaye.

Mai shagon buga takardu, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Na sauke ramfs da umount, na sa layin malamin Marwa, hotuna sun shiga. Ainihin hotunan mutane suna kan tsohon faifai, kwafinsu kawai nake aiki da shi a RAM, in na gama kowane ɗaya in mayar nan take. Malam, `df -h` ya nuna giga 2. In na so ƙarawa sai na sauke shi?

Mai gyaran kwamfuta, Marwa:
A'a Alhaji. `sudo mount -o remount,size=3G /mnt/ram`, kayanka na ciki ba abin da zai taɓa su. Ka gyara lambar a fstab ma, in ba haka ba da ka sake kunnawa zai koma giga 2.