Yaya ake auna zurfin ruwa a gindin dutse a Lagdo?

Salamu alaikum. Mu huɗu ne daga Garwa, muna shirin kwana biyu a bakin tafkin dam ɗin Lagdo a Kamaru, Asabar da Lahadi, don hawan dutse ba igiya, wanda in ka zame ruwa ne zai tare ka. Tanti da kwale-kwale duk sun samu. Awon zurfi ne ya gagare mu.

Makon jiya na ɗaura dutse a igiya na saka a gindin dutsen da muka zaɓa: mita 6. Na matsa kamar taku biyu, sai mita 2, kuma igiyar ta maƙale a wani abu, da ƙyar na fizgo ta. Ko kututture ne, tunda kwari ne ruwa ya cinye da aka gama dam ɗin a 1982. Gorar tuƙi ba ta kai ƙasa ba. Nutso kuwa, ruwan ya gurɓace, ko tafin hannuna ban gani ba, ga mai kwale-kwalen yana ta yi mini maganar dorina.

Tsayin da za mu hau bai wuce mita 7 ba. Ba tare da na'ura ba, wace hanya ce za ta tabbatar mana babu dutse ko kututture a duk inda mutum zai iya faɗawa?