Tun rasuwar maigidana na kasa yin addu'a, zunubi ne?

Maman Biyu:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Dan Allah ina neman shawara. Maigidana ya rasu wata biyar kenan, ciwon hanta, sati uku muka yi a asibiti, babu irin addu'a da azumin da bamu yi ba, har 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, suka zo suka kwana a bakin ɗakin suna waƙa ƙasa-ƙasa saboda shima ɗan kwaya ne, amma ya tafi ya barni da yara biyu. Tun ranar jana'iza ban sake taka coci ba. Sau ɗaya na shirya har na ɗaura ɗankwali, da na tuna zan ga layin da yake tsayawa da wani a wurin sai na zauna a bakin gado har aka tashi sujada. Littafi Mai Tsarkinsa yana nan kan tebur da rasit ɗin wuta da yasa a ciki yana alamar inda ya tsaya, ban iya buɗewa ba. In na durƙusa ba abin da ke fitowa sai "me yasa". Gaskiya fushi nake da Allah, kuma duk wanda yace min nufin Allah ne sai inji kamar in kore shi. Na fāɗi daga bangaskiya ne ko yaya?

Kakar Zumunta:
Sannu ɗiyata, sannu. Nawa mijin shekara 14 kenan. Ni kusan shekara guda na yi ina zuwa coci jiki kawai, in an ɗaga waƙa bakina na motsi babu sauti. Baki fāɗi ba. Wanda ya bar Allah ai baya tsayawa yi masa fushi, tafiyarsa kawai yake yi. Abin da zan tambaye ki shine kina cin abinci kuwa? Ki tuna annabi Iliya, lokacin da ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace yace Ubangiji ya ɗauki ransa ya huta, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, taɓa shi yayi yace tashi ka ci, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Yana 1 Sarakuna sura 19. Ni haka matan zumunta suka yi min, wata tazo da tuwo da miyar kuka, wata ta wanke kayan makarantar yara, wata kam zama kawai take yi tana tsince min wake bata cewa uffan. In sun ƙwanƙwasa ki buɗe ko da baki share ɗaki ba.

Ɗan Tudun Wada:
Mama kiyi haƙuri amma ni inaga fushi da Allah bai dace da mai bi ba. Ayuba ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya yace Ubangiji ya bayar Ubangiji ya karɓa. Ki tashi ki koma sujada kar Shaiɗan ya samu ƙofa.

Mai Bishara a ƙauye:
Ɗan'uwa, sura ta 1 ka kawo mana, littafin kuma sura 42 ne. Ka wuce sura ta 3 kaga yadda Ayuba ɗin nan ya la'anta ranar da aka haife shi. Abokansa uku kuwa kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare dashi ba wanda ya buɗe baki, nan ne suka yi daidai, da suka fara bayanin dalilin wahalarsa ai a ƙarshe su Allah ya tsawata wa, har sai da Ayuba yayi musu addu'a.

Maman Biyu, "me yasa" ɗin nan da kike faɗa a durƙushe addu'a ce, Yesu kansa ya faɗe ta a kan gicciye, farkon Zabura 22 ne. A kabarin Li'azaru ma ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi amma sai da yayi kuka. Bulus kuma bai ce wa mutanen Tasalonika kada suyi baƙin ciki ba, cewa yayi kada ya zama irin na marasa bege. Mu masu wa'azi muna da laifi a nan, a wurin jana'iza mukan yi saurin ɗaga waƙar nasara tun gwauruwa bata gama share hawaye ba, nima na sha yi.

In baza ki iya buɗe nasa littafin ba ki bar shi yadda ya ajiye, ki karanta a waya. Zabura 88 zan baki. Ta 'ya'yan Kora ce, mawaƙan Haikali, 'yan kwaya kenan irin maigidanki, kuma daga farko har ƙarshe kuka ne, da maganar duhu ma ta rufe. Amma in kika ga barci ya gagara kwata-kwata ko tunanin cutar da kanki na zuwa, kar ki tsaya a addu'a kaɗai, ki gaya wa matar fasto ko wata 'yar'uwa ta raka ki ki ga likita.

Maman Biyu:
Nagode Kaka, nagode Baba. Kaka kin kama ni, shayi da burodi nake ta sha, yara kawai nake dafa wa. Na karanta Zabura 88 jiya wajen ƙarfe biyu na dare, sau uku, nayi kuka har babbar ta farka tazo ta kwanta a bayana. Coci dai ban sani ba ko wannan Lahadin. Amma shugabar zumuntarmu ta kira da safe, na ɗauka, karo na farko a wata biyu. Tace zasu zo ranar Alhamis su uku, nace su zo amma banda waƙa tukuna, tace to.